Ni Na Fasa Dutsen Niƙan Kaka

Anti Sahada, don Allah ki taimake ni. Zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ni na fasa dutsen niƙan kakata, ba Maman Assana ba.

Shekarata sha shida, ina lise, wato sakandare, a nan Lomé. Ba na iya kallon idon mutum, littattafan soyayya ne abokan hirata. To a cikin wani littafi saurayin maƙeri ne. Ƙawayena duk shi suka mace wa, ni kuwa shafin da ƙarfe ya yi ja a wuta nake ta komawa. Daga nan sai bidiyon ƙira a waya, har a aji hannuna bugawa yake a kan tebur. Akwai wani tsohon maƙeri a Adidogomé, Malam Mamadou, sau huɗu ina wucewa ta gaban rumfarsa, ko sallama na kasa.

Ranar da 'yan gidanmu suka tafi bikin suna a Kégué na ce kaina na ciwo. Don in ƙera wuƙa, na ɗauko tsohon magagari da guduma cikin kayan Baba, shi makanikin manyan motoci ne a tashar jirgin ruwa. Na hura gawayi a kurfoti, na yi ta fifita har ƙarfen ya yi ja. Wallahi Anti ban taɓa jin daɗi irin wannan ba. Sai na rasa inda zan ɗora in buga, sai ga dutsen. Bugu na bakwai ya rabe biyu.

Kaka daga Dogon Dutse ta taho da shi tana amarya. Maman Assana mai haya a gidanmu ita ta niƙa tattasai a kai da safen. Kaka ta daina amsa gaisuwarta, ta ce ƙarshen wata ta kwashe kayanta, ga 'ya'ya uku. Ni ko ba na iya zama wuri ɗaya. Abin kunyar ma, har yanzu ina son in ƙarasa wuƙar, tana ƙarƙashin katifata. Kaka kuwa cewa take ƙira gadon maƙera ce, mu ba jininsu ba ne, balle mace.

Sau uku ina yaga takardar nan. Wannan karon Sakinatu ƙawata zan miƙa wa ta kawo miki, tun kafin in sake tunani.

Mai Baƙin Hannu, Zongo

'Yata, maganarki biyu ce, ɗaya ba ta jira. Saura kwanaki a fitar da baiwar Allah daga ɗakinta a kan laifinki. Yau ɗin nan ki sami Babanki, in baki ya ƙi buɗuwa ki ajiye masa wuƙar a gabansa, zai gane magagarinsa. Ya raka ki wurin Kaka, daga nan ki durƙusa wa Maman Assana. Za a yi faɗa, ki daure. Kada ki ce wa Kaka ai dutse ne kawai: abin da ya rage mata na gidan iyayenta ke nan.

Ƙira kuwa ba zunubi ba ce, Annabi Dauda ma ƙarfe ya sarrafa. Amma Kaka tsoron bakin mutanen Zongo take ji miki, kuma tsoron ba na banza ba ne. Ki bar Baba ya yi wannan maganar, shi ma da ƙarfe yake ci da ku. Shi zai kai ki gaishe da Malam Mamadou.

In an yarda, ba a kan dutse ake bugu ba, Allah ne ya tsare idonki da ɓarɓashi bai shiga ba. Guntun ƙarfe mai nauyi za ki samu a gareji, da awartaki, da tabarau. Tufafin auduga, hijabi a ɗaure baya, a fili, babba na kusa. Ɓoyo ya ƙare.

Wuƙar farko in ta yi kaifi, Maman Assana za ki kai wa ta yanka albasa. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa albarka a hannun nan naki.

Anti Sahada