Kwanon Maman Dawuda

Shango, Minna
3 ga Maris, 1984

Zuwa ga ƙanwata Saudatu,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Inna. Dalilin wannan takarda shi ne maganar tashin Inna. Tunda an yi miki canjin makaranta zuwa Kontagora, ba zai yiwu mu bar tsohuwa ita kaɗai a Garatu ba, ga ciwon ƙafa, ga rijiya da nisa. Ɗakinta a nan ya kammala, har fanka na sa mata, famfo kuma yana tsakar gida. Na aika mota ta dawo ba ita. Ki sanar da ni abin da ya riƙe ta, ki ba Ndaceko direba amsar.

Yayanki,
Ladan

Garatu
6 ga Maris, 1984

Yaya Ladan,

Gaisuwa da girmamawa. Takardarka ta iso, na karanta wa Inna kamar mai karanta sanarwar gwamnati. Ta ce a gaishe da fanka.

Abin da ya riƙe ta kwano ne. Ka tuna koren kwanon nan mai murfi na maƙwabciyarmu Maman Dawuda, mutuniyar Kagoro? Tun rasuwar Baba yake kai da kawo tsakanin gidajen biyu. Ita ta zubo faten acca, Inna ta mayar da shi da dambu ko ɗanwake. Ka san kwanon maƙwabci ba ya komawa wayam. To, kullum Inna sai ta ce, "Bari in mayar da kwanon mutane tukuna, sai mu tafi." Tana mayarwa da safe, kafin la'asar ya dawo da doya a ciki. Ni dai ina zargin tsofaffin nan sun haɗa baki, amma ba wadda ta taɓa faɗa.

Ba ƙin ka take yi ba, Yaya. A nan da safe akwai mai leƙo ta ta katanga ta tambaye ta ƙafa. Ka yi mata a hankali. A gaida Anti Sharifa.

Ƙanwarka,
Saudatu

Garatu
19 ga Maris, 1984

Yaya Ladan,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake, gara in faɗa maka. Ka zo ranar Asabar ina kasuwa, Inna tana barci, ka wanke kwanon tas, ka kai shi da hannunka, har da cewa an gode, an gama. Na san a ganinka ka sauƙaƙa wa kowa ne.

Maman Dawuda ta ɗauka Inna ce ta aiko ka. Na je na yi mata bayani, ta ce, "Ba komai, Saudatu. Yaro ya zo ɗauka mamanshi, ni ba zan riƙe shi ba." Ta kife kwanon a kan randa, tun ranar bai sake shigowa gidanmu ba. Inna kuma kunya ta hana ta leƙa katangar, wai da wane ido za ta kalli matar da aka mayar wa kwano ba ko ƙwayar gyaɗa.

Ta ɗaure kayanta da kanta. Ka aiko motar, yanzu ba abin da ya riƙe ta. Ni zan tsaya zuwa ƙarshen wata in rufe gida.

Ƙanwarka,
Saudatu

Shango, Minna
27 ga Maris, 1984

Ƙanwata Saudatu,

Bayan gaisuwa. Inna ta iso lafiya, likita ya duba ƙafar, an ba ta magani. Ba ta kuka da komai, kuma wannan ne ya dame ni. Maƙwabtanmu duk ma'aikata ne, da safe kowa ya kulle ƙofarsa ya tafi. Tana wuni a bakin famfo tana kallon katanga.

Jiya ta karɓi girki daga hannun Sharifa, ta yi dambu. Da ta gama rabawa sai na ga ta ware wani a gefe, ta tsaya riƙe da ludayi tana dube-dube, can ta mayar da shi tukunya. Ita ba ta ci nata ba. Ni ma na ture nawa.

Mayar da ita Garatu ba zai yiwu ba, kin sani. Ki gaya mini abin da ake yi, ni ban iya ba.

Yayanki,
Ladan

Garatu
29 ga Maris, 1984

Yaya,

Na karanta wa Maman Dawuda takardarka. Ina gamawa ta tashi ta hura wuta.

Ndaceko zai ba ka wannan tare da ƙulli a ɗankwali. Kada ka karkata shi, fate ne a koren kwanon, da zafinsa. Ka kai wa Inna da hannun da ka ɗauke shi.

Maman Dawuda ta ce a shaida wa tsohuwa tana son kwanonta, kuma motar Ndaceko tana juyowa da la'asar.

Sai na zo sallama.
Saudatu