Na Bar Baffana Ya Haddace Littahi Don Ya Ji Kunya

Malam Edita, sallama da gaisuwa gare ka da masu karatun wannan shahi. Ka ɓoye sunana da na garinmu, ya isa a ce ƙasar Wurno nike, bakin Rima. Masu saurin zagi kuma ku dakata ku ji ƙarshe tukuna, don wanda bai sha kashi ba ba ya jin bari.

Ni malamin ajin yaƙi da jahilci na a ƙauyenmu, manomin albasa kuma kamar kowa. Mai unguwarmu ƙanen ubana na. Da ubanmu yar rasu ina ƙarami, Baffan nan yak karɓi hwadamarmu wai riƙo, har in girma. To ga ni da gemu, ga ɗiya, riƙo bai ƙare ba. In na yi magana sai ya ce, "Kai yaro, yaushe anka haihe ka?" Albasar da shike kaiwa kasuwar Goronyo jaki bayan jaki, gumin ubana na. Ni ko ina jan jigo a wata 'yar gona ta aro. Wallahi ko tarinshi na ji sai raina ya ɓaci.

Bara sai hakimi ya aiko cewa mai unguwar da bai iya karatun boko ba ya yi kuka da kanshi, rawaninshi na bisa rawa. Baffa yac ce shi ba ya zamnawa tabarma ɗaya da talakawanshi yana ba-bi-bu. Dattawan aji sunka taru sunka ce in riƙa zuwa zaurenshi bayan la'asar in koya mashi shi kaɗai, ai ɗanshi nike. Ɗanshi! Nit tahi. Shi bisa buzu, ni a ƙasa, ko ruwa ba a kawo mani. Bai taɓa ce mani Malam ba. Sai ya ce, "Kai yaro, biya mani," kamar yadda anka biya mashi allo shina ƙarami. In biya layi, ya maimaita. Mutumin ga Allah ya ba shi kai, abin da yaj ji sau biyu ya zamna. Ba a jima ba nil lura ba baƙaƙen shike dubawa ba, bakina shike bi. Yatsanshi na nan ƙasan shahi, bakinshi na can sama. Hadda shike yi, ba karatu ba.

Nan Shaiɗan yas same ni, ko ko in ce ni nis same shi. Da almajirina na aji na, da tuni na ruhe littahi na rubuta mashi wani abu ga ƙasa ya haɗa da kanshi. Amma Baffa? Nic ce, "Madalla Baffa, ai kai ka wuce mu." Shi ko ya kaɗa kai ya ce, "Dama boko wani abu na? Mu da munka sauke izu sittin!" Har damina tat tsaya ina zuga shi, ya haddace littahin tun daga bango har bango, bai san harahi ko ɗaya ba in an ɗebe shi daga wurinshi.

Ranar da mai duba azuzuwa yaz zo daga Wurno bisa keke, Baffa da kanshi yas sa anka tara gari ƙarƙashin tsamiya, har da makaɗi, don a ga mai unguwa ya karɓi takardar shaida. Mai dubawa bai ko buɗe littahi ba. Yaɗ ɗauki alli yar rubuta ga baƙin allo, "Rima ta cika, kihi ya yi araha." Baffa yag gyara rawani, yab buɗe murya, yaz zubo shahin hwarko na littahi, zancen tsabtar rijiya, har da rangaji. Masunta da ke ajina su sunka hwara dariya, sannan gari duka yaɗ ɗauka. Makaɗi yas saɓa gangarshi yas sulale. Ku tambaye ni ko na ji tausai. Ban ji ba! Daɗi nij ji, har cikin ƙashina. Ina zan kai wagga magana in ba gare ku ba?

To ga inda ƙaya tas soke ni. Mai dubawa ya ce zai komo bayan kaka ya sake gwada shi. Hakimi kuma ya aiko a asirce cewa in Baffa ya sake hwaɗuwa, rawani ba ya barin gidanmu, kuma ni kaɗai na iya karatu a gidan. Kun gane ke nan.

Shekaranjiya ina ban ruwa sai ga tsohon ga, ba ɗan rakiya. Yac cire takalmi, yaz zamna ƙasa bakin kwamin albasar da nike ba ruwa, rigarshi cikin laka. Yac ce, "Malam, kaina na yat tsuhwa, ba laihinka na ba. Ka taimake ni kada in mutu abin dariya." Malam, in ji shi! Nit tsaya da guga ga hannu ina jira ya ambaci hwadama. Ko da kalma ɗaya. Bai ambata ba, har yat tashi.

In na koya mashi karatun gaskiya, ya riƙe rawani ya riƙe gonar ubana. In na bar shi da haddarshi ya sake hwaɗuwa, in naɗa rawanin da nis samu da cin amanar aji, kuma wa zai sake aminta ya zamna gabana ya ce bai sani ba? In na hwaɗa mashi abin da niy yi, ya tsine mani gaban gari, kuma bakinshi bakin uba na. Ba na sonshi, ba zan yi maku ƙarya ba. Amma gobe bayan la'asar shina jirana, ya ce ya shimhiɗa mani buzu.

Jama'a, mi zan yi?