Kunnen Mufeeda

Catford, Landan
4 ga Nuwamba

Zuwa ga aminiyata Awabu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da Malam da yaran gida. Yaya ƙafar? Ko har yanzu ita kike ɗora wa laifin ƙin zuwa biki? Jikina lafiya, hankalina ne ba a kwance ba. Na ɗauki biro maimakon waya saboda flat ɗin nan ko tari ka yi ana ji a ɗaya ɗakin, kuma ba na son yarinya ta ji.

Awabu, bakina ya jawo mana. Kin san Mufeeda ta wajen autata Jamilatu, shekararta shida. Kin kuma san wasan kaka da jika, yadda aka yi mana muna yara. Tun zuwana nake ce mata kunnuwan nan nata sun isa miya, ran Juma'a zan yanke ɗaya in jefa a kuɓewa. Sai ta toshe su ta ruga tana ƙyalƙyala dariya, can ta dawo ta miƙo min da kanta. Har na nuna mata nawa na hagu, wanda ɗan kunne ya tsaga muna 'yan mata, na ce kakata ce ta ɗanɗana.

Ashe an ce kowane yaro ya ba da labarin gidansu a aji. Ja'irar ta miƙe da alfahari ta zayyana musu komai, har da zane, ga ni da wuƙa ga tukunya. Malamar ta kai wa shugabar makaranta, ita kuma ta kai wa council, wato ƙaramar hukumar nan. Ran Talata za su turo ma'aikaciya ta duba ko yarinyar tana cikin haɗari a hannunmu. Jamilatu ta ce a ƙasar nan suna da ikon ɗauke yaro su ba wasu riƙo. 

Ki sa Malam ya yi mana addu'a, amma kar ki faɗa masa dalili, kin san shi da dariya.

Taki har kullum,
Nana Khadija

8 ga Nuwamba

Awabu,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun yini lafiya. Na san waccan wasiƙar ba ta iso ba tukun, amma in ban rubuta ba cikina zai fashe.

Maganar ta bazu. Wata 'yar ajin su Mufeeda ta koma gida tana kuka, uwarta ta shiga guruf ɗin iyaye na waya ta rubuta abin da ta rubuta. Jamilatu tana karanta min tana fassarawa, da ta zo kan wata kalma sai ta tsallake. Karatuna na aji huɗu ne, amma ba a yi min tsallake ban gani ba. Na karɓi wayar na kwafe haruffan a bayan ambulan: barbaric.

Na ajiye kunyar surukuta na tambayi Likita, uban Mufeeda. Kansa a ƙasa ya ce tana nufin rashin imani na ƙarshe, irin muguntar da ba a tsammani daga ɗan Adam. Na ce to ina ta samo asali. Ya ce Girkawan da can, duk wanda ba ya jin yarensu, maganarsa bar-bar kawai take shiga musu kunne, sai suka raɗa wa baƙi wannan suna. Rumawa suka ara, daga baya ta gangaro har cikin Turanci, kuma a hanya ta tashi daga baƙo ta koma mugu. Na ce ashe tun farko sunan wanda ba a gane maganarsa ne. Ya ce, "Haka ne, Hajiya." Ba wanda ya yi dariya, har ni.

Ni da ko kaza ba na iya kallo ana yankawa, Awabu. Ke shaida ce, ran sunan Umar Faruq ɗinki bayan tukwane na ɓuya.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne shirun gidan. Likita ya ce in abin ya yi nisa yana iya taɓa aikinsa. Jamilatu ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Jiya na same ta tana ninke kayan yarinyar, ta warware, ta sake ninkewa. Na ce in tafiyata za ta gyara, a yi min booking ɗin jirgi gobe. Ta ce in na tafi yanzu cewa za su yi mun ɓoye mai laifi.

Duk motar da ta tsaya a ƙasa sai na leƙa taga.

Taki,
Nana Khadija

15 ga Nuwamba

Aminiyata Awabu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina ƙafa? Ki yi wa Malam godiya.

Ma'aikaciyar ta zo. Na zaci ƙatuwa ce mai zare ido, sai ga 'yar siririya da lema, har ta cire takalmi a bakin ƙofa. Ta shiga ɗaki da Mufeeda su biyu ta tura ƙofa. Minti ashirin suka yi, na ja carbi ban san abin da nake karantawa ba. Sannan ta kira tafinta a waya, wani Issahaku ɗan Gana, aka yi ta min tambayoyi. Ina nake ajiye wuƙa, na taɓa dukanta, a garinmu ana yanke wa yara wani abu. Na amsa duka. Da na ce wasa ne, ta tambaya me ya sa abin dariya ne. Shekarata sittin da takwas ba a taɓa yi min wannan tambaya ba.

Jiya takarda ta zo. Ba za su ɗauke ta ba, alhamdulillahi. Sun rufe maganar, sai dai sunanmu yana nan a rubuce wurinsu. Jamilatu ta yi kuka, Likita ya ci tuwo har da ƙari.

Yau da hantsi na fita da Mufeeda kasuwar Lewisham. A cikin bas na ga wani kare da riga, har da aljihu, na sunkuya na fara ce mata ga angonta nan ya yi kwalliya. Ban ƙarasa ba ta damƙe min hannu. Ta dubi matar da ke gabanmu, ta dubi na bayanmu, ta ce a hankali, "Kaka, shh. Not here."

 Har muka sauka ba ta saki hannuna ba, kamar ni za a zo ɗauka.

Ki gaishe min da kowa da sunansa.

Taki har kullum,
Nana Khadija