Lawali, Sabon Gari Ta Haɗe Mini Kai

Zuwa ga taubashina Lawali, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da tuƙin tankar mai, da ruwan saman garin nan naku da ba ya gajiya. Mu nan Gusau sai godiya. Na zaɓi in rubuto maka a fili, inda kowa zai karanta, saboda ina bukatar shaidu.

Ka san tun da muka baro Tsafe muka zauna Sabon Gari, ni da keken ɗinkina, kai da motar hayarka, ba mu taɓa saɓawa kan siyasa ko ƙwallo ba. Gardamarmu ɗaya ce kullum: ina za a ci yau?

Da safe dai babu gardama, teburin Malam Iro mai shayi ne a bakin tasha. Kai ka koya masa abin da har yau yake kira haɗin direba: madara gwangwani guda, sukari cokali huɗu, ƙwai uku, da burodin da sai an kama shi da hannu biyu. Kakan ce shayin da cokali bai tsaya a cikinsa ba ruwan wanka ne.

Sai wainar Inna Kulu a lungun bayan masallaci, mai ƙonannen gefe, da miyar taushe ko zuma. Na taɓa ƙirga maka goma sha huɗu, ka ce ai jiya ka yi azumi. Ba ka yi ba, tare muka ci abincin rana.

Bayan la'asar kuma bencin gindin ɗarbejiya, kusa da tukubar Bawa mai tsire. Nan muke miƙe ƙafa mu gyara ƙasa da baki, Bawa yana zaɓo mana mai kitse.

Shekara huɗu ke nan da tafiyarka, ban fasa ko ɗaya ba. Ina cin nawa, ina cin naka don zumunci.

To, wata uku da suka wuce jiri ya kwashe ni a kan keke, ina tsakiyar ɗinkin rigar wani ango, har na haɗe masa hannun riga da aljihu. A asibiti aka ce ciwon suga ne da hawan jini. Likita ya karanto mini abin da zan bari, ya karanto abin da ya rage. Wallahi abin da ya rage ko akuya aka ba wa sai ta kai ƙara. Ban gaya wa kowa ba sai matata Maman Hafsa, ita ma na ja mata kunne kada masu abinci su ji.

Bayan kwana biyu na zauna a teburin Malam Iro, na ce a yi mini irin na kullum. Ya miƙo mini baƙin shayi tsura. Wai sukari ya ƙare. Yana faɗin haka yana zuba wa na kusa da ni cokali uku.

Inna Kulu, wadda ta san cikina fiye da ni, ta ajiye mini waina biyu da tulin kwaɗon zogale. Na kalle ta, ta kawar da kai ta ce, “Ɗana, tanda ta gaji.” Tandar da ta gaji ta ci gaba da ciyar da rabin tasha a kan idona.

Bawa kuwa yanke kitsen ya yi ya jefa wa mage, ya cika mini takarda da albasa da kabeji. Magen nan ta kalle ni tana lashe baki. Ban taɓa jin hassada irin ta ranar ba.

Na koma gida na yi wa Maman Hafsa fushin kwana biyu. Ta rantse ba ta yi magana da ko mutum ɗaya cikinsu ba. Sai na shiga dabara: na roƙi Alhaji Sama'ila mai yadi, maƙwabcin shagona, ya sayo waina goma a matsayin tasa. Ya sayo, ya zauna gabana ya cinye takwas, ya turo mini biyu, ya ce shi ma yana da amanar da zai riƙe.

Da na ga unguwa ta haɗe mini kai, wata Asabar na rufe shago na hau motar Bungudu. Ka san hanyar nan yanzu, kowane fasinja bakinsa na motsi da addu'a. Su suna roƙon a sauka lafiya, ni ina ƙarawa da Allah Ya sa Hajiya Ige 'yar Furfuri ta fito da fura. Ka tuna ta, mai rumfa a bakin titi, inda muke tsayawa lokacin kana ɗaukar fasinja. Rabona da ita shekara biyar, na tabbata ta manta fuskata.

Na ce a dama mini mai kauri, a cika sukari. Ta kalle ni, ta kalli wayarta, ta sake kallona. Sai ta juyo mini wayar. Hotona ne na ranar aurena, wanda hulata ta karkace, bakina cike da nama. Ta danna, sai ga muryarka tana tashi a tsakiyar rumfa: “Wanga mutum ɗan'uwana ne, kuma ba shi jin magana. Kowa ya ba shi zaƙi, in na zo Sallah da ni da shi.”

Lawali, har mai faci na gefe ya bar tayarsa ya zo yin dariya. Ashe Maman Hafsa gaskiya ta rantse. Matarka kaɗai ta gaya wa, kai kuma ka bi masu abinci ɗaya bayan ɗaya tun daga Tsafe har Bungudu.

Na miƙe zan tafi cikin fushi, Hajiya ta ce in tsaya, saƙon bai ƙare ba. A ƙarshensa muryarka ta sauka, ka ce, “Haka Baba ya fara. Don Allah ku taya ni riƙe wannan.”

Na koma na zauna. Na tuna Kawu, mahaifinka, a 'Yankuzo, da ƙayar da ta soke shi a gona, ɗan ciwon da ya ƙi warkewa har ya ci ƙafar. Na tuna ranar da muka kawo shi Gusau a motarka, kansa a kan cinyata, kai kana tuƙi. Na kuma tuna alewar da yake ɓoyewa ƙarƙashin matashi. Mu muke sayo masa, muna dariya.

Hajiya ta ba ni nono tsagwaronsa, babu sukari. Na shanye. Da ta ga ina share ido na ce mata tsami ne.

Yanzu ga rahoto. Ina shan magani, ina zuwa shago da ƙafa, na rage ƙugun wandunana da kaina. Makon jiya likita ya duba takardata ya yi murmushi. Malam Iro ya sa wa baƙin shayin suna haɗin tela, kuma mutum uku a teburin sun koma shansa a ɓoye. Har yanzu ina zama gindin ɗarbejiya da yamma. Abincin ban cika kewarsa ba kamar yadda na zata. Mai yi mini gardama ne babu.

Amma kada ka ɗauka an gama. Matarka ta gaya wa Maman Hafsa cewa tumbinka ya fara taɓa sitiyari, kuma ka ƙi zuwa a gwada ka. Akwai wani ɗan Tsafe mai shayi a garejinku, na samo lambarsa jiya. Hoton da na tura masa kuwa, gara ka je asibiti kafin ya kai ga sauran direbobi.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa ciwonsa ya zama kaffara. Allah Ya tsare ka a kan hanya, Ya zaunar da garinmu lafiya, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Allah Ya bar zumunci.

Ka gaida iyali.

Naka har kullum, ko da yake ban gama hucewa ba,
Murtala tela, Sabon Gari, Gusau.