Ƙugiyoyin da Suka Zubar da Mutuncin Yayana

Zuwa ga Manajan shagon kayan kamun kifi da ke bayan layin masu aski, Bin Mahmud, Doha.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, Allah ya sa haka, amin.

Yallaɓai, sunana Isyaku. Ni direba ne a wani kamfanin gine-gine, ina kwana a Mesaimeer. Ka san fuskata ko da ba ka riƙe sunana ba: ni ne dogon ɗan Najeriyar nan da ke zuwa bayan sallar Juma'a yana tambayar ƙugiya mai dogon jiki. Na rubuta da Hausa ne domin da ita kaɗai nake iya faɗin abin da ke cina. Wani ɗan'uwanmu da ke karatu a nan zai juya maka ita zuwa Larabci. Na kuma buɗe ta ga kowa saboda sau biyu ina zuwa shagonka da bakina, ban sami mai saurarona ba.

Na farko, ina so ka san mutumin da kayanka suka je hannunsa.

Yayana Hamisu masunci ne a Yawuri. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya koya mini iyo, kuma da kifinsa aka yi mini fasfo. Ciwon suga ya ci ƙafarsa ta hagu har aka yanke ta daga gwiwa. Mutumin da asuba ba ta taɓa samunsa a kan tudu ba, sai ga shi a zaure, yana kallon abokansa suna wucewa da koma a kafaɗa. Kwale-kwalensa ya kife shi a bayan gida, ya hana a taɓa. Ya rage cin abinci, ya rage magana.

A lokacin ina tuƙa wani injiniya Bature mai son fatsa. A teburinsa na fara ganin yadda ake ɗaura gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya har ta yi kama da ɗan ƙaramin kifi, idan aka ja ta cikin ruwa babban kifi ya biyo ya kai mata cafka, ba tana, ba wani abincin tarko. Ya ga ina leƙe, ya zaunar da ni ya koya mini. Da na je hutu gida na tafi da 'yan ƙugiyoyi da zare, na nuna wa Yaya Hamisu don kawai ya sami abin rage zaman banza. Kafin hutuna ya ƙare ya fi ni nesa. Ya san yadda kifin ƙawara ke walƙiya idan ta tsorata, ya san launin da tsage ba ya iya kawar wa kai. Da gashin zabo yake aiki, da na wuyan zakara, da farin gashin rago. Ya fara sayar wa samarin gari, sannan baƙin da ke zuwa kamun tsage da giwan ruwa a ƙarshen mako suka gano shi, suka riƙa tsayar da mota a ƙofar gidansa. Aka daina ce masa mai ƙafa ɗaya, aka koma ce masa Hamisu mai gashi. Matarsa Ladi ta ce mini a waya ya koma yin dariya har da buga cinya.

Na biyu, abin da ya faru tsakanina da kai.

Ƙugiyar kasuwarmu ta Yawuri gajera ce, ta tana ce, ba ta da wurin ɗaura gashi. Shi ya sa nake saye a wurinka ina aikawa. Ba na iya sayen masu tsadar da ke cikin gilashi, kai ma ka sani, albashin direba ne. Akwai wasu masu matsakaicin kuɗi a jan fakiti, su nake ɗauka, kuma ba su taɓa ba mu kunya ba. Gab da damina ta bara na zo, ka ce sun ƙare a kanta amma akwai a ciki. Ka shiga da kanka ka fito da su, jan fakiti iri ɗaya, ka ce ka rage mini domin ni abokin ciniki ne. Na tambaye ka ko su ne dai waɗanda na saba saye. Ka dafa ƙirji ka ce, "Wallahi asli ne," wato na asali. A kan wannan rantsuwa na kwashi na shekara guda, na ba wani abokina mai gadi a Al Wukair da zai tafi gida ya kai masa.

Ban zo neman ƙugiyar banza ba, Yallaɓai. Mai araha na nema, wadda talaka zai iya saye ya yi sana'a da ita. Da ka ce mini waɗannan ba su kai na da ba, da na sayi rabi na masu kyau na haƙura.

Na uku, abin da suka yi.

Yaya Hamisu ya kwashe damina yana ɗauri, domin wani babban mai saye daga Kaduna ya ba shi aiki mai yawa, zai zo da abokansa idan ruwa ya janye. Ladi ta ce bai taɓa ƙawata aiki kamar wannan ba. Suka zo, suka karɓa, suka shiga ruwa. Kifin farko da ya kama ya miƙar da ƙugiyar kamar allura. Ta biyu ta karye a gwiwa. Waɗanda ba su haɗu da kifi ba, kafin washegari tsatsa ta fito ta ɓata farin gashin ya koma ja. Mutumin ya dawo ƙofar gida da rana tsaka, lokacin da majalisa ta cika, ya zazzage su a ƙasa gaban yayana, ya ce ya tausaya wa gurgu ne ya ba shi aiki, ashe macuci ne. Yaya Hamisu ya sauko daga kan benci, ya ja jiki yana tsince su ɗaya bayan ɗaya, mutane na kallo.

Bai gaya mini ba. Duk lokacin da na sa kati na kira, sai ya ce lafiya lau, aiki na tafiya. Ladi ce ta ari wayar maƙwabta ta faɗa mini tana kuka. Ta ce ya bi duk wanda ya sayi ɗaurin wannan damina ya mayar masa da kuɗinsa, har waɗanda ba su kawo ƙara ba. Da abin hannunsa ya gaza, ya sa aka birkice kwale-kwalen nan aka kai bakin ruwa aka sayar. Da na matsa masa a waya, abin da ya ce kawai shi ne, "Isyaku, kada ka ƙara aiko da komai. Na gode da ƙoƙarinka." Ya ɗauka hannunsa ne ya lalace, cewa yake wataƙila ya matse zare ya raunana ƙarfen. Na rantse masa ba haka ba ne, amma yana gani kamar lallashinsa nake yi. Har yau bai sake taɓa gashi ba.

Na huɗu, yadda ka karɓe ni.

Na sa an dawo mini da samfuri, na kawo maka. A gabanka na riƙe ɗaya da yatsu biyu na miƙar da ita. Ka kalla, ka ce mai son abu mai kyau ya biya kuɗin mai kyau, ka ce khalas, wato magana ta ƙare, ka juya ga wani baƙo. Zuwana na biyu ba ka nan. Ƙofar ciki a buɗe take, na ga ma'aikacinka zaune da bokiti cike da ƙugiyoyi tsirara, yana ɗiba yana cika jan fakiti yana mannewa. Ban ɗaga murya ba. Baƙo ne ni a ƙasar nan, zamana a hannun kafil yake, wato ubangidan da ya tsaya mini a takarda, na san iyakata. Na fito na zauna a mota na daɗe ban iya tayar da ita ba.

Ga abin da nake roƙo. Ka sauke waɗannan fakitoci daga kanta. Idan dole sai ka sayar da su, ka sayar da su da sunansu na gaskiya, mai saye ya san abin da ya ɗauka. 'Yan'uwana da ke aika kaya gida kuma, ku buɗe fakiti a shago, ku gwada ƙarfen da hannunku, ku jiƙa ɗaya ku ajiye ku ga ko za ta yi tsatsa kafin ku tura wa wanda ya dogara da ku.

Kuɗina na yafe maka, ba su ne damuwata ba. Roƙona na ƙarshe shi ne babba. Yayana ba ya karanta Larabci ko boko, takarda ba za ta yi masa amfani ba. Na ari rakoda, na sayi sabon kaset. Ranar Juma'a mai zuwa zan tsaya a shagonka bayan an sauko daga masallaci. Ka faɗa da bakinka, da harshenka, cewa ƙarfen ne ba shi da kyau, aikin Hamisu ba shi da laifi. Ni zan fassara a bayanka. Za a sa kaset ɗin a ƙofar gidansa, a majalisar da aka zage shi. Ba zai ɗauke ka minti biyu ba.

Allah ya sa albarka a kasuwancinka, ya tsare ka daga cin haƙƙin wanda ba ka gani, ya bar ka da lafiyar gaɓoɓinka har ƙarshen rayuwa. Ina jiran Juma'a.

Wassalam.

Naka,
Isyaku, direba, Mesaimeer.