Safar Hannun da Iska Ta Ɗauke

Durumi, Abuja
4 ga Janairu

Zuwa ga maigidana Nazir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya sanyin Kanada? Mu nan lafiya lau, sai nauyin jiki. Hajiyarka tana gaishe ka.

Da hannu na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in tura maka, don a waya da na fara magana sai ka mayar da ita wasa. Likita ta ce haihuwa ba za ta wuce ashirin ga wata ba. Kai kuma ka ɗaga tikitinka da kwana goma, wai za ku hau tsauni da abokinka David, yanzu da dusar ƙanƙara ta cika. Haba Nazir! Shekara shida kana wuce Dutsen Zuma a mota, ko ɗaga kai ba ka yi. Sai yanzu da nake jan ƙafa da cikinmu na fari hawan dutse ya zama farilla?

Abu ɗaya na roƙe ka tun ranar da ka tafi: kai za ka fara karɓar abin da na haifa, ka yi masa huɗuba a kunne. Ka ce ka zaɓi suna, ba za ka faɗa ba sai ranar. Don Allah ka fasa dutsen nan, ka taho.

Taka,
Mashkura

Durumi, Abuja
2 ga Fabrairu

Nazir,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya hannun? Allah ya ƙara sauƙi. Wannan addu'ar har zuciyata take, kada abin da zai biyo baya ya sa ka yi shakka.

David ya kira ƙaninka Musaddiq, ya faɗa masa komai. Kuna cikin ƙanƙara har cinya iska ta taso, irin wadda take kayar da mutum a tsaye. Jagoranku ya ce a juya, kada wanda ya cire komai a jikinsa. Kai kuma ka ga azahar za ta wuce, ka raɓe bayan wani dutse, ka tuɓe safar hannu, kana narkar da ƙanƙara a tafinka za ka yi alwala. Iska ta yi gaba da safar. Awa huɗu kuna saukowa ba safa, har sanyi ya kashe maka yatsu. Yatsu uku a dama, biyu a hagu, likitoci suka yanke. Kai da kake yi mini gyara kan taimama, ga dutse a gabanka, Nazir!

Na haihu ranar sha takwas, mace, kana kwance a asibiti. Musaddiq ne ya yi huɗubar. Ba wanda ya san sunan da ka ɓoye, wayarka kuma a kashe, sai Hajiya ta ce a sa Kauthar. Ranar suna mata suna ta tambayar ina uban jaririya, Hajiya tana ce musu jirgi ne ya ba ka matsala, kamar yadda muka faɗa mata, ni ina gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa. Wallahi ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Na saurari saƙonka. Ka ce in ci gaba da ɓoye wa Hajiya, ka ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara. Amma da hannunka ka canza tikitin nan, lokacin yatsunka goma cif. Ɓoyo kuwa na gama, jiya na faɗa mata. Sunan da ka zaɓa ma ka riƙe abinka, ba na son ji.

Kauthar lafiyarta ƙalau, goshinka ta ɗauko. Tana da son riƙe yatsa, duk wanda ya miƙa mata sai ta damƙe ta ƙi saki. Ta riƙe na Musaddiq, ta riƙe na Hajiya, har na mai kawo mana ruwa. In sun sallame ka, ka zo ka miƙa mata cikin waɗanda suka rage.

Ka gaida David.

Matarka,
Mashkura