Abin da Jinin Irfan Ya Rasa

Zango, Parakou

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya ƙafar taki? Kada hankalinki ya tashi, amma muna asibiti da Irfan. Kwana biyu bayan suna idanunsa suka koma rawaya, ya ƙi kama nono. Yanzu yana kwance ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila.

Likita ta ce akwai wani sinadari a jiki, anzim, ana kiransa G6PD. Aikinsa tsare ƙwayoyin jini kada su fashe. Nasa bai isa ba. Lalle da kafur da wasu magunguna kan tayar da ciwon, mu kuwa mun sa masa lalle ranar suna. Ta ce ta wajen uwa maza ke gadonsa, ta tambaye ni ko an taɓa irinsa a gidanmu. Na ce ban sani ba.

A sa mu a addu'a.

'Yarki, Safiyatu

Djougou

Safiyatu,

Wa alaikumus salam. Allah ya tashi kafaɗun maigidana.

Koma ki ce wa likita an taɓa. Kin san kina da yaya, Sahabi, wanda ya rasu kafin a haife ki, amma ban taɓa gaya miki yadda aka yi ba. Yana shekara uku zazzaɓi ya kama shi, aka ba shi ƙwayar magani. Washegari ya yi rawaya har tafin hannu, fitsarinsa kamar shayi. Wasu suka ce baki ne, wasu suka ce iska. 

Ki ci abinci ko ba kya so, nono ba ya zuwa da kuka.

Innarki

Parakou

Inna,

Barka da war haka. Alhamdu lillahi, an sallame mu! Yana tsotso kamar zai cinye ni. Na karanta wa likita wasiƙarki. Ta ce ba za ta rantse ba, amma alamun ciwon Sahabi duk su ne. Ta ce in an kiyaye, Irfan zai girma garau. A kai 'ya'yan Yaya Shakira gwaji su ma.

Inna, da ina kusa da na rungume ki.

Safiyatu

Djougou

Safiyatu,

Barkanmu. Asabar ina tafe, ƙafa ta so ko ta ƙi. Ki ce wa mijinki Moutari ya tare ni a tasha.

Ki rubuta mini sunan abin nan da manyan baƙaƙe, in nuna wa babanki. Shi ma bai taɓa daina tambayar abin da ya kashe Sahabi ba.

Allah ya yi muku albarka.

Innarki